Tafarnuwa da Hanta: Tarihin Maganin da Ya Rasa Ma'auninsa

Balan ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gaya, maƙwabciyar Ajingi, a gabashin Jihar Kano. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma kamar sauran karkarar Kano, da wuya a shiga madafin wani gida a rasa tafarnuwa, ko dai a dunƙule, ko a dake cikin garin yaji. Tsofaffi sun san ta a miya da farfesu da yajin mai jego, sun kuma san ita ake nema idan mura ko tari ya kama mutum lokacin hunturu. A 'yan shekarun nan ne aka yi mata shaida biyu masu karo da juna. Wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp zai ce tana wanke hanta, har tana kashe ƙwayar cutar da ke cikinta. Wani kuma ya ce ita ce ma ke ƙona hantar. Duka biyun gida ɗaya suke shiga, wani lokaci ma su isa ga mutum ɗaya, wanda aka gaya wa a asibiti yana ɗauke da ciwon hanta, ya dawo yana neman abin da zai sha.

Tarihin tafarnuwa yana da ta cewa a wannan gardama. Shekaru dubbai ke nan mutane na amfani da ita, kuma masana magani na da sukan haɗa yabonta da faɗin iyakarta. Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne an riƙe yabon, an yar da ma'aunin. Mafi yawan haɗarin da hanta ke fuskanta daga tafarnuwa, daga nan ya samo tushe.

Daga Tsakiyar Asiya zuwa ƙasar Hausa

Asalin tafarnuwa yankin Tsakiyar Asiya ne. Ta daɗe a hannun manoma har ta kai yawancin nau'in da ake nomawa ba ya fitar da irin shuka, sai dai a ɓare dunƙule a dasa ƙwara-ƙwara. Saboda haka duk inda aka gan ta, hannun mutum ne ya kai ta. A Masar, takardar magani da ake kira Ebers, wadda aka rubuta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta sa ta cikin haɗe-haɗen magani. An kuma tarar da busasshiyar tafarnuwa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a 1922. A cikin Suratul Baƙara, a jerin abincin da Bani Isra'ila suka yi marmari, akwai kalmar da wasu malaman tafsiri suka fassara da tafarnuwa, wasu kuma da alkama.

Musulunci ya zo ya iske ta a tukunyar Larabawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin zuwa masallaci ga wanda ya ci ta, saboda warinta yana cutar da masallata. Muslim ya kuma ruwaito labarin Abu Ayyuba Al'ansari, wanda Annabi (SAW) ya mayar wa da abinci mai tafarnuwa bai ci ba. Da ya tambaya ko haramun ce, aka shaida masa ba haramun ba ce, warinta ne abin ƙi. Tun daga nan Musulmi suka san ta da matsayin halal mai sharaɗi: akwai lokacinta, akwai kuma yadda ake cin ta.

Sunan albasa daga Larabci Hausawa suka aro shi, amma na tafarnuwa bai yi kama da kalmar Larabawa ta "thum" ba, abin da ke nuna ba ta ƙofa ɗaya suka shigo bakin Bahaushe ba. Ƙasar da ta karɓe ta kuwa ƙasar fatauci ce. Gaya kanta tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala, kuma tana ɓangaren Kano da ke fuskantar Borno. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta zama matattarar kayan yaji da saiwoyi da sassaƙe. Tafarnuwa ta sami gurbi a noman rani, domin tana son sanyin hunturu da ƙasar fadama. Har yau Wurno da Goronyo a Jihar Sakkwato sun yi suna wajen nomanta.

Zafi a daraja ta huɗu

Bayan ƙwarar shuka, ayari ya kawo littattafai. Ilimin ɗibbu da malaman zaure suka gada ya ginu ne a kan tsarin Jalinus, likitan Girka da Turawa ke kira Galen, wanda Ibn Sina (ya rasu 1037) ya tsara a littafinsa Alƙanun. A wannan tsari, jiki yana tafiya ne a kan ruwaye huɗu: jini, da majina, da safra'u, da sauda'u. Hanta ita ce tukunyar da ke dafa abinci ya zama jini, kuma a cikinta ake samar da safra'u, wato ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a matsarmama. Kowane abinci da kowane magani an ba shi ɗabi'a, zafi ko sanyi, bushewa ko danshi, sannan an ba shi daraja daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. Abin da ke daraja ta ɗaya da ƙyar jiki ke jin aikinsa. Na daraja ta huɗu shi ne mai iya ƙonawa da halakarwa idan aka wuce kima.

Jalinus ya yabi tafarnuwa har ya kira ta tiryaƙin talaka, wato madadin maganin dafi mai tsada da sarakuna ke sha. Ibn Ƙayyim Aljauziyya (ya rasu 1350), a ɓangaren ɗibbu na Zadul Ma'ad, ya sa ta a zafi da bushewa na daraja ta huɗu. Ya lissafa amfaninta ga masu sanyin jiki da yawan majina, sa'an nan ya juya ya lissafa cutarwarta: tana jawo ciwon kai, tana raunana gani, tana sa ƙishirwa, tana kuma tayar da safra'u. Ga mai karatu na wancan zamani, ambaton safra'u gargaɗi ne a kan hanta. Wanda idonsa ya yi rawaya, wato mai shawara, a ganinsu safra'u ce ta yi masa yawa, kuma ba a ƙara wa mai zafi zafi.

Wannan tunani ya dace da rabon cututtuka da Bahaushe ya saba yi zuwa na zafi da na sanyi. Tafarnuwa ta faɗa layin maganin sanyi: mura, tari, ciwon gaɓoɓi. Shawara kuwa tana da nata magunguna, irin su saiwar rawaya. Malaman Daular Usmaniyya ma ba su yi sakaci da wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Kimiyya ta daɗe da ajiye tsarin ruwaye huɗu, domin ba haka jiki ke aiki ba. Amma ya bar wata ɗabi'a mai daraja: ba a ambaton magani sai an ce na wane ne, nawa zai sha, wa kuma zai guje masa.

Abin da ɗakin gwaji ya gano

A 1844 masanin sinadarai Theodor Wertheim ya tace man tafarnuwa mai ƙarfin wari. Ana kuma danganta wa Louis Pasteur lura, a 1858, cewa ruwanta yana kashe ƙananan ƙwayoyin cuta. A 1944 Chester Cavallito da John Bailey a Amurka suka ware sinadarin da ke wannan aiki, wanda ake kira alisin. Bayan 'yan shekaru, Arthur Stoll da Ewald Seebeck a Suwizalan suka gano cewa babu alisin a cikin ƙwarar da ba a taɓa ba. Abubuwa biyu ne ke zaune a ware; sai an daka ko an tauna suke haɗuwa su haifar da shi. Wuta tana kashe ɗaya daga cikinsu, shi ya sa tafarnuwar da ta dahu a miya take da laushi, ɗanya kuwa tana iya sale fata idan aka ɗaure ta a jiki ta daɗe.

Ina hanta ta shigo? Duk abin da hanji ya tsotse, jini yana bi da shi ta hanta kafin ya zagaya jiki, don haka ita ke fara karɓar duk abin da ya yi yawa. A 2006 masu bincike a Chandigarh ta Indiya suka wallafa gwajin da suka yi a kan ɓeraye. Waɗanda aka ba giram 1 na ɗanyar tafarnuwa a kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, hantarsu ta nuna alamun lalacewa bayan mako uku. Waɗanda aka ba giram 5, cikin mako guda. Waɗanda aka ba giram 0.1 ko 0.25 kuwa, da aka duba naman hantarsu ba a ga lalacewa ba. Jikin ɓera daban da na mutum, kuma ba a kwafe lissafin kai tsaye, amma ya isa a gane girman abin: giram 1 a kilo, ga mai nauyin kilo 60, giram 60 ke nan na ɗanyar tafarnuwa kowace rana. Babu miyar da ke ɗaukar wannan. Kundin tsirran magani na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1999 ya ba da giram 2 zuwa 5 a rana ga babba, wato kamar ƙwara ɗaya babba ko 'yan ƙanana biyu zuwa uku.

A ɓangaren mutane, rahotannin lalacewar hanta saboda tafarnuwa ƙalilan ne ƙwarai, idan aka dubi miliyoyin da ke cin ta kullum. Ɗaya daga cikinsu ya fito a 2017 daga likitocin Jami'ar Michigan: majinyaci ne da aka yi wa dashen hanta, aka ba shi ƙwayoyin tafarnuwa masu yawa saboda matsalar huhu, gwajin jini ya nuna hantar ta taɓu, aka dakatar, ta farfaɗo. A wani ɓangaren kuma, wasu ƙananan gwaje-gwaje a Iran sun nuna garin tafarnuwa, a awon da aka ƙayyade, yana ɗan rage kitsen hanta. Abu ɗaya ne ya taimaka a nan ya cutar a can, bambancin kuwa yawa ne da halin mai sha.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi wannan muhimmanci ga mara lafiya. Ta farko ita ce cin karo da maganin asibiti. A 2002 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka ba mutane masu lafiya maganin ƙanjamau mai suna saquinavir tare da ƙwayoyin tafarnuwa, sai yawan maganin a jininsu ya ragu da kusan rabi, kuma kwana goma bayan daina tafarnuwar bai koma yadda yake ba. An rage amfani da wannan magani yanzu, amma darasin yana nan: tafarnuwa mai yawa tana iya sauya yadda hanji da hanta ke sarrafa wasu magunguna. Ta biyu ita ce zubar jini. Tafarnuwa tana rage manne-mannen ƙwayoyin da ke tsayar da jini, shi ya sa likitocin tiyata ke son a daina shan ƙwayoyinta aƙalla mako guda kafin aiki. Hanta ce ke ƙera yawancin sinadaran daskarar da jini. Idan ta ƙeƙashe, waɗannan sinadarai suna raguwa, jijiyoyin maƙoshi suna kumbura, suna iya fashewa mutum ya yi aman jini. Mai irin wannan hali, wanda shi ne aka fi kwaɗaita wa "wankin hanta", shi ne ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan.

Yadda ma'aunin ya ɓace

Muddin tafarnuwa tana madafi, tana da mai tsaronta, wato yajinta da warinta. Baki ba ya yarda a wuce iyaka. Ƙarshen ƙarni na 20 ya kawar da wannan mai gadi. Kamfanonin Turai da Amurka da Asiya suka mayar da ita ƙwaya mara wari, wadda ake haɗiyewa ba a ji komai ba. A Kano da sauran biranen Arewa shagunan magungunan Musulunci suka yawaita, inda man tafarnuwa ke jere da habbatussauda da man zaitun da zuma, daga nan 'yan talla suka kai su kasuwannin ƙauye. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, amma lambarta a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da duk cututtukan da mai talla ya lissafo da lasifika. Wasu kwalaben ma babu lamba, babu awo, babu bayanin abin da aka cuɗa a ciki. Idan irin wannan haɗi ya taɓa hanta, ba a iya rarrabe laifin tafarnuwa da na abokan tafiyarta.

Ƙarnin nan ya nuna har inda yabo mara ma'auni ke kaiwa. A Afirka ta Kudu, Manto Tshabalala-Msimang, ministar lafiya daga 1999 zuwa 2008, ta yi ta tallata tafarnuwa da lemon tsami da wasu kayan lambu ga masu ƙanjamau, a lokacin da gwamnati ke jan ƙafa wajen raba magani. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000. Tafarnuwa ba ta kashe kowa da gubarta ba. An tsayar da ita ne a gurbin da ba nata ba. A 2020 kuma, da korona ta iso Kano cikin watan Afrilu, jama'a suka yi rububin tafarnuwa da citta da lemon tsami. A wancan lokaci Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu hujjar cewa cin tafarnuwa yana kare mutum daga cutar.

An bar jaki ana dukan taiki

Abubuwan da suka fi kashe hanta a ƙasar Kano sanannu ne, kuma tafarnuwa ba ta sahun gaba. Na farko shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda aikin Baruch Blumberg ya bankaɗo a shekarun 1960, har ya sami kyautar Nobel a 1976. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Tana bi ta jini da saduwa: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta askar wanzami da ƙaho da allura idan aka yi wa mutum biyu da abu ɗaya ba a tsabtace ba. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma sukan zauna da ita har girma, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa yana kore ta. Tana iya yin shekara ashirin ko talatin ba ta nuna alama ba, sai a wayi gari ciki ya kumbura ko sankara ta bayyana. Nijeriya ta sa allurar rigakafinta cikin jerin na yara a 2004, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su same ta ba.

Na biyu yana cikin rumbu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama arzikin ƙasar, har aka yi dalar gyaɗa. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Bincike ya kai ga wata guba, afalatoksin, wadda wata irin fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba ko an ajiye su cikin danshi. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da kunu. Wani bincike a Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna wanda ya haɗa ƙwayar nau'in B da wannan guba, haɗarin sankarar hanta a kansa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. Manomin Gaya ko Ajingi da ya zaɓe kyakkyawar gyaɗa ya kai kasuwa, ya bar mai baƙi-baƙi don cin gida, ya fi fuskantar barazana daga wannan buhu fiye da duk tafarnuwar da zai ci a rayuwarsa. A ƙara da farasitamol da ake sha barkatai, wanda wuce giram 4 a rana ga babba kan iya lalata hanta cikin kwanaki.

Babu gwajin da ya tabbatar cewa tafarnuwa tana fitar da ƙwayar nau'in B daga jikin mutum. Akwai kuwa magani irin tenofovir da ke danne ta, ya rage haɗarin ƙeƙashewa da sankara, ga waɗanda gwaji ya nuna suna buƙata. Duk watan da mai cutar ya ɓata yana shan ruwan tafarnuwa da zuma maimakon bin asibiti, wata ne da ƙwayar ta samu tana aikinta ba mai hana ta.

Da za a dawo da tsohon ma'auni cikin harshen yau, ga yadda zai kasance. Mai lafiya ya ci tafarnuwarsa a miya da yaji ba tare da fargaba ba. Mai ciwon hanta, da mai shan maganin ƙanjamau ko na tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, kada ya ɗauki ƙwayoyinta ko manta ko tulin ɗanyarta a matsayin magani sai ya gaya wa likitansa. Wanda aka haifa kafin 2004 ya nemi gwajin jini na nau'in B, a Babban Asibitin Gaya ko wani asibitin da ke yin sa. Idan ba shi da ita ya karɓi rigakafi, idan yana da ita a gwada iyalinsa, shi kuma a duba halin da hantarsa ke ciki, ko da za ta kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jariri a kai shi ya karɓi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi. Gyaɗa a shanya ta ta bushe ƙarau kafin ta shiga buhu, a jingine buhun nesa da danshin ƙasa, wadda ta yi fumfuna kuma a zubar da ita, kada ta shiga tukunyar gida.